Tun rasuwar mamata addu'a ta gagare ni, ku ba ni shawara

Saratu: Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni a Garwa ta Kamaru nake, ina sai da kunu da ƙosai kusa da babbar kasuwa. Mamata ta rasu watan Afrilu, lokacin zafin nan da ko ruwan randa ɗumi yake, sati uku muna asibiti, na sai da keken ɗinkina, kuɗin adashe sefa dubu 180 duk ya tafi a magani, kowane dare ina durƙushe gefen gadonta har Zabura 91 na haddace saboda ita, ranar da likita ya ce ta fara samun sauƙi washegari ta cika. Tun ranar bakina ya mutu. In na durƙusa ba abin da ke fitowa, ko Addu'ar Ubangiji ban kai ƙarshenta. Da asuba ina jin maƙwabtana Musulmi suna alwala, ni ina kwance ido biyu, kunya ta ishe ni. Ga matsalar maigida kuma, wannan a bar ta. Ya zan yi?

Baba Ishaya: 'Yata, Allah ya ba ki haƙuri, amma zan faɗa miki gaskiya. Shaiɗan ne ya samu ƙofa. Ki tashi ƙarfe 4, Yesu kansa tun da sauran duhu ya fita addu'a, duba Markus 1:35. Ki ɗora azumin kwana uku, sannan ki bincika ko akwai wanda kika riƙe a zuci.

Saratu: Baba ƙarfe 4 ɗin ai ina kan markaɗen wake, in na yi azumi a gaban kaskon mai faɗuwa zan yi. Kuma ban riƙe kowa ba.

Rifkatu daga Marwa: Sannu Yaya Saratu. Ni da na rasa ɗana wata shida ban iya cewa komai ba, zama kawai nake ina kuka. Romawa 8:26 ce ta riƙe ni, wurin da aka ce Ruhu na roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin faɗa ba. Ki buɗe Zabura 13, Dauda ma sau huɗu ya tambayi Allah har yaushe. Kuma in da Faransanci kike yi, gwada da harshen da mama ta koya miki.

Maman Bulus: Wai ina zumuntar mata take a nan? Mu a Kusiri in maganar kuɗin anko ce har gida za su biyo ka, amma da na kwanta ciwo mutum biyu kacal suka leƙo ni. Har yau abin na min ciwo.

Baba Ishaya: Rifkatu, kuka ba addu'a ba ne. Gwauruwar nan ta Luka 18 shiru ta yi? Naci ta yi wa alƙali har ya biya mata bukata. Shekarata 31 ina dattijon ikilisiya, na ga inda irin wannan sanyin ke kai mutum. Saratu ki je wurin fastonki gobe.

Rifkatu daga Marwa: Baba a gafarce ni, Hannatu ta Littafi Mai Tsarki ma da take addu'a leɓunanta kawai ke motsi, firist Eli ya zaci maye take, kuma Allah ya ji ta.

Saratu: Fasto na je, ya ce nufin Allah ne, na san nufinsa ne, ba shi nake tambaya ba. Zumuntar matanmu kam sun yi ƙoƙari, har shinkafa suka kawo. Rifkatu harshen mama shi ne ma ya fi min wuya, ina farawa muryarta nake ji.

Yohanna: Maigidan fa, yana addu'a tare da ke?

Saratu: Na ce a bar wannan don Allah.

Baba Ishaya: To ni dai na faɗi nawa. Azumin za ki fara ko kuwa?