Neman shawara: ta ina zan fara koya wa Sinawa karin maganar Turanci masu kalmar "bone"?

Mai tambaya, tafinta a Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin tafinta a wani kamfanin gine-gine, da yamma kuma ina koya wa injiniyoyinmu Sinawa Turanci. Yawancinsu sun ci CET-4, jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'o'in ƙasar Sin, tun suna jami'a, takardar kwangila suna karanta ta ba gargada, nahawu ma sun riƙe shi da kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne karin magana.

Makon jiya wani Bature mai duba aiki ya ce wa ɗaya daga cikinsu, "I have a bone to pick with you," saboda wani rahoto da bai iso kan lokaci ba. Da murmushi ma ya faɗa. Injiniyan nan ya ɗaure fuska, ya wuni bai kula kowa ba. Da na tambaye shi, sai ya ce ai mutumin da bakinsa ya faɗa cewa laifi ya zo nema masa da gangan. Na yi bayani iya yina, bai gamsu ba. Yanzu sun ce in ware musu darasi guda a kan kalmar bone kaɗai. Na buɗe ƙamus, na ga karin magana rututu. In ba su jeri ne su haddace, ko akwai hanyar da ta fi? Kuma me ya sa jimlar nan ta yi masa zafi haka? Don Allah masu sani ku taimaka.

Ɗalibi a Wuhan

Wa alaikumus salam Yaya. Tambayarka ta ƙarshe zan ɗauka, don amsarta tana cikin harshensu. Sinawa suna da karin magana da kowa ya sani: jidan li tiao gutou, wato tsintar ƙashi a cikin ƙwai. Ƙwai ba shi da ƙashi, saboda haka duk wanda ke lalubensa a ciki, neman laifi yake inda babu laifi. Injiniyanka ya ji pick, ya ji bone, sai ya haɗa su da abin da ke kansa tun yana yaro. A kunnensa Baturen cewa ya yi, "Na zo in ƙaƙaba maka laifi." In kuma a gaban na ƙasa da shi aka faɗa, abin ya ƙara nauyi, don suna ba mutunci a idon jama'a muhimmanci ƙwarai. Mianzi suke kiransa, ma'anarsa fuska, kamar dai yadda muke cewa an ci wa mutum fuska.

Ka rubuta masa biyun a allo gefe da gefe. Ka nuna masa cewa abin da ya yi daidai da nasu a Turanci shi ne nitpick ko find fault. Shi kuwa a bone to pick, mai faɗarsa yana da ƙorafi na gaske guda ɗaya, yana so a zauna a tattauna, kuma sau da yawa cikin raha ake faɗa tsakanin waɗanda suka saba.

Malamar Turanci mai ritaya, Zariya

Ɗana, kada ka ba su jeri. Sinawa gwanayen hadda ne, gobe za su kawo maka shi cif ba kuskure, jibi kuma su sa shi inda bai dace ba. Abin da ya faru da injiniyanka ya nuna maka inda haɗarin yake. Karin maganar da ba su taɓa ji ba, za su tsaya su tambaya. Wadda ta yi kama da tasu ita ce ke kayar da su, don ba za su ma san akwai abin tambaya ba. Da irin waɗannan za ka fara.

Ka tambaye su da kansu: "A harshenku, me da me kuke faɗa da ƙashi?" Ka bar su su cika allo. Sai ku bi ɗaya bayan ɗaya, ku ga wacce Turanci ya yarda da ita, wacce ya sauya, wacce bai sani ba sam.

Sannan ka ba su hoton da ke bayan kowace magana, shi ke sa ta zauna. Da yawa daga cikin waɗannan maganganu, wajen kare Turawa suka ɗauko su. A bone of contention karnuka ne biyu a kan ƙashi ɗaya, wato abin da ake taƙaddama a kai, kamar iyakar fili ko kuɗin da ba a biya ba. Like a dog with a bone mutum ne mai naci, in ya kama magana ba ya saki. Throw someone a bone shi ne ka jefa wa mutum ɗan abu kaɗan don ya yi shiru, kuma akwai raini a ciki, kada su faɗa wa wanda aka yi wa a gaban idonsa. Shi ma a bone to pick nan ya dosa: kare ya zauna da ƙashi yana gwaigwaya har sai ya tsince naman tas, kamar yadda za a zauna a kan magana har a gama ta.

Make no bones about it kuwa daga tukunya ta fito. Asalinta mutum ya sha romo bai ci karo da ƙashi ba, ya haɗiye ba wata tangarɗa. Tsohuwar magana ce, akwai ta a wata wasiƙar iyalin Paston na Ingila ta shekarar 1459. Yau ma'anarta a fito fili a faɗi abu ba kwana-kwana, ba ɓoye-ɓoye. Na sha ganin ɗalibai suna ɗaukarta da ma'anar "kada ka damu", ka kula da wannan.

Abu na ƙarshe, kuma ka matsa musu a kansa: Sinanci ba ya sauya suna don jam'i yadda Turanci ke yi, ba shi kuma da a da the. Su kuwa waɗannan maganganu a daskare suke. A bone to pick tilo ne kullum, make no bones jam'i ne kullum, to the bone ba ya rabuwa da the. Wanda ya ce make no bone ya ɓata ta. Ka sa su maimaita cikakkiyar jimla da baki, kada ka raba musu kalmomi.

Ɗalibi a Wuhan

Mama ta yi gaskiya. Ga waɗanda na san za su fito a allon. Masu sauƙi tukuna: pi bao gu, fata ta naɗe ƙashi, daidai yake da skin and bones. Lan gutou, ƙashin lalaci, shi ne lazybones. Cigu, sanyi mai huda ƙashi, shi ne chilled to the bone, mu kuma mu ce sanyi har ɓargo. Guqi da gugan duka backbone ne a Turanci: na farko tsayuwa a kan gaskiya ba tare da rusunawa ba, na biyu mutanen da ma'aikata ta dogara da su, ƙashin bayanta ke nan.

Masu kayarwa kuma: aiki mai wuya suna ce masa ying gutou, ƙashi mai tauri, har su ce ken ying gutou, gwaigwayar ƙashi mai tauri. Za ka ji suna cewa this is a hard bone, Bature ya tsaya yana kallonsu, don shi a hard nut to crack ya sani. Haka gurou, ƙashi da nama, wato 'ya'ya da 'yan uwa na jini. Turanci ya cire ƙashin, flesh and blood yake cewa.

Ɗan kasuwa, Guangzhou

Ni ba malami ba ne, amma ga abin da nake gani a wajen cin abinci da kasuwa. In kuna cin kifi, Basine zai ce maka be careful, many thorns. Su ƙashin kifi yu ci suke ce masa, ƙayar kifi, sak yadda muke faɗa da Hausa. Turanci ne ya ware, fish bone yake cewa. Ka sa wannan a darasin, kullum suna buƙatarsa.

Na biyu, bone china. Mutane da yawa suna zaton daga Chaina ta samo asali saboda sunan. A Ingila aka inganta ta, Josiah Spode ne a garin Stoke-on-Trent a shekarun 1790, ana haɗa tokar ƙashin dabbobi, galibi na shanu, da farar laka. Kalmar china da ƙaramin harafi tangaran take nufi. Su Sinawa guci suke kiranta, kuma yau birnin Tangshan da ke lardin Hebei ya yi suna wajen yin ta. Duk wanda ke sayo kofuna da farantai ya san ta da haske, in ka ɗaga ta a rana kana ganin inuwar yatsunka ta baya. Masu saye a gida sukan tambaye ni ƙashin wace dabba ce, shi ya sa nake tambayar masana'anta kafin in yi oda, hukuncin kuma na malamai ne.

Injiniya, Kaduna

Da girmamawa ga Hajiya malamar Zariya, ni ina ganin tarihin nan zai cinye lokacin darasin. Mutanen nan a wajen aiki suke wuni, ka ba su abin da za su ji gobe a taro. Bone dry: bushewa ƙamas, za a faɗa a kan yashi ko bango kafin a yi fenti. Cut to the bone: an zaftare kasafi har ba sauran abin ragewa. The bare bones: gundarin abu ba ƙari, kamar a ce kawo mana the bare bones of the plan. Bone up on: a zauna a yi bitar abu da gaggawa kafin taro ko jarrabawa, Amurkawa sun fi faɗarta. Work your fingers to the bone: aiki ba ji ba gani. Waɗannan sun ishe su wata guda.

Akwai kuma gargaɗin da ba wanda ya ambata, kuma wajibi ne. Bone a matsayin aikatau, ma'anarsa mai tsabta ita ce cire ƙashi daga nama ko kifi, shi ya sa boned fish kifi ne da aka zare wa ƙaya, ba mai ƙaya ba. Amma a bakin 'yan tasha na Amurka yana da ma'anar batsa, haka ma sunan da ake yi da shi in an ƙara masa r a ƙarshe. Ka gaya musu a fili, maza ne manya: su yi amfani da debone in suna maganar girki, kuma kada su taɓa yar da up ɗin da ke cikin bone up. Gara su ji daga bakinka da su ji kunya a gaban baƙi.

Malamar Turanci mai ritaya, Zariya

Injiniya, gargaɗinka ya yi, na gode da ka kawo shi. Amma a kan tarihi ban janye ba. Ban ce ya yi musu lacca ba, jimla ɗaya ce a kan kare, ɗaya a kan romo. Babba in ya ga dalilin abu ya fi riƙe shi. Jerin naka kuwa ya shiga darasi na biyu, na yarda.

Na manta batun furuci. Sinancin Mandarin yana da ou, yana da ong, amma ba shi da ou mai ƙarewa da n. Shi ya sa bone ke fita a bakinsu kamar bong ko born. Ka sa su ja bou tukuna, sannan su kai harshe bayan haƙoran sama su rufe da n. Ka haɗa musu da phone, stone, loan, zone, kalmomin da suke faɗa kullum a wajen aiki, gyara ɗaya ya wadatar da duka.

Mai tambaya, tafinta a Kano

Allah ya saka da alheri, Mama da sauran 'yan uwa. Zan fara da allo kamar yadda aka ce, in bar su su kawo nasu. Saura biyu da na gani a ƙamus ban san yadda zan warware musu ba: close to the bone da feel it in my bones.

Malama a jami'a, Yamai

Malam, na biyun kana da shi a bakinka: jikina ya ba ni. Mutum ya tabbata abu zai faru ba tare da wata hujja a hannu ba. Ka ja musu kunne kada su rubuta ta a rahoton aiki, magana ce ta hira.

Close to the bone kuwa ana faɗa ne a kan magana ko barkwanci da gaskiyarsa ta yi yawa har ta fama wa mutum miki. Misali a yi wasa da batun korar ma'aikata a gaban wanda aka sallami ƙaninsa jiya, sai wani ya ce that was a bit close to the bone. Mutanen Ingila sun fi amfani da ita. Tun da mai duba aikinku yana yawan irin waɗannan maganganu, ka roƙe shi ya zo ajin na minti goma, ya faɗi jimlolin da muryarsa, su kuma su ba shi amsa. A koya musu amsar a bone to pick ma, don ita suka fi buƙata: "Oh? What have I done?" cikin sakin fuska, sannan a saurara.