Bayan Beetle ɗina ya zauna ta hagu, yaya zan ɗaga shi?

Lawal: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da Volkswagen Beetle ƙirar 1967, gadon mahaifina ce, kuma ina ji da ita ƙwarai. Bayanta ya zauna, musamman ta hagu. Na ajiye ta a siminti mai shafe na auna daga ƙasa zuwa bakin fenda, sai na ga hagu ya gaza dama da santimita 2. Na sa sababbin shokozoba, ko gezau. Don Allah ta ina zan faro?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam. Shokozoba ba ya ɗaukar nauyin mota, aikinsa hana ta rawa. Abin da ke riƙe da bayan Beetle sanduna biyu ne na ƙarfe masu murɗuwa, toshin ba, kwance cikin bututu a gaban tayoyin baya. In sun kwana biyu sukan saki. Amma fara duba iskar tayoyi da robobin bushin da ke bakin bututun nan, kada ka kwance mota a banza.

Oga Bala: Malam ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara maka lissafin, don nan ake ɓata aiki. Kowace sanda tana da haƙora 40 a kanta na ciki, 44 a na waje. Haƙori ɗaya na ciki digiri 9 ne, na waje kuwa 8 da 'yan kai. Idan ka matsa guda ɗaya kawai, motar za ta tashi santimita 5 zuwa 6, ka ga ka wuce gona da iri. Dabarar ita ce ka juya na ciki ɗaya wajen ɗagawa, ka mayar da na waje ɗaya wajen saukewa. Abin da ya rage bai kai digiri ɗaya ba, kamar rabin santimita ke nan. Naka santimita 2, wajen huɗu-huɗu za ka yi. Ka ɗora ma'aunin kusurwa a kan farantin da ya haɗa sandar da taya, ka rubuta abin da ya nuna kafin ka zare komai.

Lawal: Na gode Oga. To me zai hana in ɗaga duka biyun sosai, ta daina gogar ƙasa?

Oga Bala: A'a ƙanena, kada ka fara. Irin ƙafar bayan ta 1967, in ta yi tsayi sai gindin tayoyin ya shige ciki, a kwana mai tsanani tana iya kifewa. Mayar da ita kusurwar da littafin motar ya ce.

Malam Isuhu: Kuma ka yi hattara da farantin nan, a ɗane yake. Na taɓa ganin ya ƙwace ya daki jak har ya yi tsalle, da ƙafar mutum ce da sai asibiti. Ka tallafe shi da jak, ka zame shi daga mazauninsa, ka sauke a hankali. Ka ja layi da kurfi inda ya haɗu da gidan aksil don saitin taya ya koma yadda yake. Sandunan akwai L da R a kansu, kada ka musanya. Robobin kuma hoda ake barbaɗa musu, giris yana cinye su.

Lawal: Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar zan fara da bushin ɗin, sai in sake aunawa in kawo muku abin da na samu.