Aikin ba kamfanoni shawara kan dabarun kasuwanci: abin da masu sana'ar suka ce

Da masu sana'ar suka baje maganar aikinsu, an fi daɗewa a kan tsanin muƙamai da ake hawa. A manyan kamfanonin ba da shawara irin su McKinsey da BCG da Bain, mai digirin farko yakan fara da tattara bayanai da lissafi na shekara 2 zuwa 3, da yawa kuma sukan tafi karatun MBA, wato digiri na biyu kan gudanar da kasuwanci, su dawo. Daga nan sai jagorancin tawaga, can ƙarshe a zama mai kaso a kamfanin, inda aikin ke komawa farautar kwangila. Ba a zama wuri ɗaya: ko ka hau, ko a sallame ka cikin mutunci.

Kan samun shiga, baki ya zo ɗaya. A intabiyu za a ɗora maka matsalar wani kamfani, misali ribarsa ta faɗi, ka warware ta da baki, ana lura da yadda kake tunani. Shawarar ita ce ka yi ta gwaji da aboki, kada ka dogara da hadda.

Inda aka rabu shi ne ranar fita. Wasu na ganin shekara kaɗan ta isa, sai ka koma shugabancin kamfani ko harkar zuba jari. Ai Sundar Pichai, shugaban kamfanin Google, ma ya taɓa aiki a McKinsey. Wasu suka ce wanda ya yi gaggawar fita, aikin ƙaramin ma'aikaci kawai ya sani. Ni dai na fi karkata ga na farkon, don yawan tafiye-tafiye da aikin dare ba kowane mai iyali ke jurewa ba.