Jijjigar mota da jijiyoyin jini: abin da aka faɗa wa direbobi

Ga abin da na tsinta daga zaman da direbobin tirela da masu tarakta suka yi da wani likita.

Ya ce jijjigar da ke ratsa kujera ta shiga jiki takan sa bugun zuciya ya ɗan ƙaru, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke, jini ya rage isa yatsu. In aka haɗa da dogon zama daga Kano zuwa Legas, sai ƙafa ta kumbura har takalmi ya matse. Abin tsoron shi ne jini ya daskare a jijiyar ƙwauri. Duk wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana zafi, ya nufi asibiti ranar, kada ya tsaya shafa man zafi.

Tarayyar Turai ta kafa dokar iyakance jijjiga a wurin aiki tun 2002, bisa ma'aunin aikin awa 8 a rana.

Shawarwarin likitan kuwa: a tsaya duk bayan awa 2 a taka ƙasa, a gyara kujera da shokoba, a rage gudu a hanya mai gargada. Taba ce ya fi nanatawa, don ita ma tana tsuke jijiya. Mai hawan jini ya riƙa awo kafin tafiya.