Kofin da muka ɗauka a kakar 2024: ƙarfinmu ne, ko tsarin 12 ne ya rufa mana asiri?

Ɗan Karkada ya rubuta, a Agustan 2025:

Assalamu alaikum. Na san mafi yawanku balo kuke bi, Real da Barsa, to yau ku yi mini haƙuri. Maganar ƙwallon jami'o'in Amurka ce, wadda ake rungumar ƙwallo mai siffar gwanda ana gudu ana kayar da juna. Ba mu da yawa a Damagaram, amma muna nan.

Yayana ne ya jefa ni ciki. Yana tuƙin babbar mota a Kolombus ta jihar Ohayo, shekara uku da suka wuce ya aiko mini da jar riga mai ƙaton harafin O a ƙirji. Na yi wata biyu ina sa ta zuwa shago a kasuwar Dole ban san ta Ohio State ba ce. Da saƙon murya ya koya mini wasan, cewa ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma, in kun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Tun daga nan Asabar ɗina ta lalace daga Satumba har Janairu. Wasan da suke farawa da tsakar rana, a nan ƙarfe 5 na yamma ne, in Nuwamba ta shiga suka juya agogonsu ya koma 6. Na dare kuwa sai ɗaya da rabi, lokacin da mai hankali ke barci.

Ranar 30 ga Nuwamba 2024 ba zan manta ba. Muna fada, hunturu ya fara, na jingina waya da gwangwanin sukari, mu huɗu mun haɗa kai a kanta. Mishigan ta zo gidanmu da nasara 6 da faɗuwa 5, kowa ya ce yanka za a yi. Na tashi na yi magariba na dawo, ba abin da ya motsa. Mai bugun ƙafarmu ya zubar da biyu. Aka tashi 13 da 10, shekara ta huɗu ke nan a jere suna cin mu, har aka ba hamata iska a tsakiyar fili kan tutar da suka so kafawa. Shayin da aka zuba mini ya huce a kofi. Yayana kwana biyu bai ɗaga waya ba.

A tsohon tsari, da ƙungiya 4 kawai ake zaɓa su yi gasar kifa-ɗaya-kwala ta neman kofin ƙasa, da shi ke nan, mun naɗe tabarma. Faɗuwa biyu, ko wasan ƙarshe na rukuninmu na Big Ten ba mu kai ba. Amma a kakar 2024 aka fara ɗaukar ƙungiya 12, sai muka shiga a lamba 8. Muka ci Tenesi 42 da 17, Oregon 41 da 21, Teksas 28 da 14. Wasan ƙarshe da Notre Dame na kalle shi cikin bargo, an ɗauke kuran, batirin ajiya na kan cikina. Muna 31 da 7 na fara gyangyaɗi, na farka na tarar 31 da 23. Da jagoran harinmu Will Howard ya jefa wa Jeremiah Smith doguwar nan ta yadi 56, ihun da na yi sai da maiɗakina ta fito tana salati. Aka tashi 34 da 23 ana kiran assalatu.

Na yi murna, ban ɓoye ba. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya wata bakwai. Oregon ta buga 13 ta ci 13. Ta ci mu 32 da 31 a Oktoba, ta ɗauki kofin Big Ten. Mu muka zo na huɗu a rukunin. Rana ɗaya ta ɓaci mata a Rose Bowl, wasan kwata fainal da muka ci ta, sai aikin wata uku ya bi ruwa, mu da muka faɗi sau biyu aka ce mu ne zakaru. Ga shi yanzu ana maganar a kai 16.

Tambayata: 12 ɗin nan adalci ne? Ko a koma 4? In an kai 16, me ya rage wa wasannin Asabar?

Tsohon Malami, Birni, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kai ka iske abin da gyara, shi ya sa kake kewar abin da ba ka ɗanɗana ba. Ni na fara gani lokacin da aka tura mu horo Amurka, kuma a zamanin ba a ma buga wasan ƙarshe. Ƴan jarida su jefa ƙuri'a, masu horarwa su jefa tasu. A 1997 ƴan jarida suka ce Mishigan, masu horarwa suka ce Nebraska, aka tashi da zakara biyu, kowa ya ɗinka tutarsa. Daga 1998 aka kawo BCS, ƙuri'a da lissafin kwamfuta su fitar da biyu su kara. Sai ga 2004, Auburn ta gama kaka ba wanda ya kayar da ita, aka ce babu gurbi. A 2014 aka koma 4, aka ɗora zaɓen a hannun kwamitin mutum 13 da ke zama a ɗaki su rufe ƙofa.

Ka tuna abin da ɗakin nan ya yi wa Florida State a 2023? Ta ci 13 ba faɗuwa, ta ɗauki kofin rukunin ACC. Amma jagoran harinta Jordan Travis ya karye a ƙafa a Nuwamba, sai kwamiti ya ce ba tare da shi ba ai ba ita ba ce, ya ɗauki Alabama mai faɗuwa ɗaya.

Ka kwatanta da kokawarmu ta takobi. Jiha takwas, kowace ta kawo ƴan kokawa goma. Muddin bayanka ko gwiwarka ba su taɓa ƙasa ba, kana cikin masu neman takobi, ko daga wane ƙauye ka fito, ko kana ɗingishi. Ka taɓa jin an tara dattawa sun dubi wanda bai faɗi ba sun ce, a ganinmu gobe za ka faɗi, don haka koma gida? Da filin nan ba zai kwana lafiya ba.

Kuma kai musamman bai kamata ka yi kewar 4 da bakinka ba. Shekarar farko, 2014, ku ne aka cusa a lamba 4 aka bar TCU da Baylor suna kuka, kuna wasa da jagoran hari na uku, Cardale Jones, don biyun farko sun ji ciwo. Kuka ci Alabama, kuka ci Oregon 42 da 20. Da an auna ku da mudun da aka auna Florida State, da ba ku je ko'ina ba.

Jami'a fiye da 130 ke babban mataki, kowace wasa 12 take bugawa. Yawancinsu ba za su taɓa haɗuwa ba. Ba yadda za a yi a san gwani da ido. Ni 12 ta yi mini, don an rage wa ɗakin nan iko.

Kabu-kabu Zango ya amsa:

Malam, da girmanku, amma misalin kokawar nan ni ya taimaka. A takobi in ka faɗi sau ɗaya ka fita. Ba a cewa ka faɗi biyu amma kana da suna, dawo. To Ohio State ta faɗi biyu. Notre Dame da ta kai wasan ƙarshe, Northern Illinois ta ci ta 16 da 14 a cikin gidanta a Satumba. Da can wannan kunyar kaɗai ta isa ta binne kaka.

Abin da ya sa nake ajiye babur in sayi mega na jika ɗaya ranar Asabar shi ne tsoro. Kowane wasa wuƙa ce a wuya. Yanzu an dusashe wuƙar. Kuma me zagayen farko ya ba mu? Penn State ta yi wa SMU 38 da 10, ku kun yi wa Tenesi kaca-kaca, Indiyana ba ta farka ba sai da aski ya zo gaban goshi. Dare biyu na yi asarar barci a banza.

Florida State ɗin ma, Jojiya ta ba ta 63 da 3 bayan nan.

Tsohon Malami, Birni, ya amsa:

Wancan wasan manyan ƴan wasanta da yawa sun ƙi bugawa, tunda an riga an kashe musu gwiwa, kai ma ka sani. In cin kaca kake ƙi, a zamanin 4 ne Jojiya ta yi wa TCU 65 da 7, kuma a wasan ƙarshe. Amma maganarka ta faɗuwa biyu ta kama ni, na karɓa.

Ɗan Mirriya ya amsa:

Ni Boise State nake bi, saboda filinsu shuɗi ne, iyakar dalilina ke nan da farko. Ku masu manyan ƙungiyoyi kuna maganar tsoron Asabar, mu a da ko tsoron ba mu da shi, don ko mun cinye duka ba a kiran mu. UCF ta ci 13 a 2017 ba a dube ta ba, sai ita ta naɗa wa kanta rawani. Cikin shekara goma na tsarin 4, Cincinnati kaɗai ta shiga daga ƙananan rukunoni, a 2021. Bara kuwa na bi ɗan wasanmu Ashton Jeanty mako-mako har ya tara yadi 2,601 a guje, saura kaɗan ya kamo 2,628 na Barry Sanders na 1988, kuma kowane wasa da nauyinsa don akwai ƙofa a buɗe. Penn State ta fitar da mu 31 da 14, ban ji haushi ba. A fili aka fitar da mu.

Kabu-kabu, ka tsallake Arizona State da Teksas, 39 da 31 bayan ƙarin lokaci biyu. Wannan ma asarar barci ce?

Ɗan Karkada, ciwon da kake ji wa Oregon ba daga 12 yake ba, daga jeri yake. Bara an ce lamba 1 zuwa 4, masu hutun zagayen farko, sai zakarun rukuni huɗu. Shi ya sa mu da kwamiti ya sa na 9 muka zama lamba 3, Arizona State ta 12 ta zama lamba 4, ku da kuke na 6 aka tura ku 8. Sakamakon haka Oregon da ta fi kowa ta ci karo da ku tun kwata fainal, ladan zama na ɗaya ya koma horo. Huɗun da suka huta duk sun faɗi a wasansu na farko. A watan Mayun 2025 an gyara: a kakar 2025 yadda kwamiti ya jera haka za a bi, zakarun rukuni biyar dai suna da gurbinsu. Gyaran ya cuce mu, amma gaskiya ce.

Maman Nana, Sabon Gari, ta amsa:

Sannunku. Ni ba na kallo, mijina ke kallo, ni nake jin ihun. Amma aikina lissafi ne, sai na bi ta nan. Kuna ta adalci, adalci, su kuwa kuɗi suke ƙirgawa. Tashar talabijin ta ESPN ta sa hannu kan kusan dala biliyan 7.8 na shekara shida don nuna wasannin nan. Kowane zagaye da aka ƙara talla ce. Big Ten ta kumbura ta kai jami'a 18, rukunin SEC 16, rukunin Pac-12 mai shekara sama da ɗari ta watse ta bar biyu. Da kuka ji Big Ten na son a kai 16 a ware mata kujera huɗu, SEC huɗu, tun ba a busa usur ba, kun san ba don Boise ba ne.

Wanda ba ku ambata ba su ne yaran. Ɗalibai ne fa. Ohio State da Notre Dame wasa 16 kowace ta buga, daga ƙarshen Agusta har 20 ga Janairu, ana karo da kai. Jojiya ta rasa jagoran harinta Carson Beck a wasan kofin SEC, ta shiga da na biyu. Sai a Yunin 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace jami'a, a raba wa duk wasanni. Da ɗana ne, da na tambayi wa zai biya asibiti in ya kai arba'in gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa.

Ɗan Karkada ya amsa:

Na gode ƙwarai. Malam, 2014 ɗin nan kun ɗaure ni, ban da bakin magana. Yaya Maman Nana, ban taɓa ƙirga 16 ɗin ba sai yau.

Kabu-kabu, rabin zuciyata na wurinka, sai dai abu ɗaya. Ka ce wuƙa ta dushe. Na tura wa yayana maganarka, ya ce in gaya maka har yau in ya tsaya shan mai wani ya gan shi da jar hula, 13 da 10 ake ce masa, ba 34 da 23 ba. Ni ma da za a ce in mayar da kofin a ba ni Mishigan, sai na yi shiru na ɗan lokaci kafin in amsa. To wannan wasan dai bai dushe ba. Na 16 da kujerun gado kuwa ban yarda ba, ko da mu za a ba.

Asabar 30 ga Agustan 2025 Teksas za ta zo Kolombus, su ne na ɗaya a jerin farkon kaka, da jagoran harinsu Arch Manning. Ƙarfe 5 na yamma ne a nan. Muna fadarmu ta bayan masallaci in ruwa bai sauko ba, in ya sauko sai zauren gidanmu. Shayi da mega nawa ne. Ɗan Mirriya, in za ka shigo gari ka taho da babbar wayar nan taka, tawa gilashin ya tsage tun daren Notre Dame.