Famasi zan cike ko gwaje-gwajen lab? Don Allah ku ba ni shawara

Ɗalibar_Kimiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda ke harkar lafiya ku taimaka min. Bana na gama sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma alhamdu lillahi sakamako ya yi kyau musamman kemistiri. Yanzu lokacin cike jami'a ya zo ni kuma kaina ya kulle. A gida kowa likita yake so in zama, ni kuwa gaskiya ganin jini da ciwo ba ya min daɗi ko kaɗan, zuciyata ta fi kwanciya da famasi. To sai ƙawata ta ce wai ai famasi na waɗanda suka rasa likitanci ne, kuma wai in ka gama ƙarshenta bayan kanta za ka tsaya kana miƙa ƙwaya. Wani kuma ya ce in tafi lab ya fi saurin samun aiki. Me ake karantawa a ciki, kuma wane aiki ake yi in an gama?

Anti_Famasist:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar ƙawarki tana min ciwo don na sha jin ta, kuma duk mai faɗin ta miƙa maganin kawai yake gani, bai san abin da ya faru kafin a miƙa ba. Bari in ba ki misali. An kawo takardar wani dattijo da ke shan warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa, sai ga shi an ƙara masa ibuprofen saboda ciwon gwiwa. Waɗannan biyun in suka haɗu za su iya jawo zubar jini a ciki. Aikin famasist ne ya gano, ya kira likita su canza, shi dattijon bai ma san an yi ba, zai dai ce an ɓata masa lokaci a layi. Ko yaro mai kilo 10 da za a ba farasitamol, ana lissafa miligiram 15 a kowane kilo, wato 150, in sirof ɗin mai miligiram 120 a cikin mil 5 ne to wajen mil 6 za a ba shi, kuma sai kin nuna wa uwar a jikin sirinji daidai inda za ta tsaya, in ba haka ba da cokali za ta auna. Mai ciwon ƙoda kuma akwai magunguna irin su gentamicin da dole a yi taka-tsantsan da adadinsu saboda ta ƙoda suke fita.

Karatun kuwa kemistiri ne tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa na ji daɗi da kika ce shi kika fi iyawa. Za ki karanta famakoloji, wato abin da magani ke yi wa jiki da abin da jiki ke yi wa magani, yadda hanji ke tsotse shi hanta ta sarrafa ƙoda ta fitar. Za ki koyi haɗa shi kansa, me ya sa wannan aka yi shi ƙwaya wancan allura, me ya sa wata ƙwayar ba a fasa ta ko a tauna, me ya sa insulin, allurar masu ciwon suga, sai a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Akwai kuma ɓangaren magungunan da ake samu daga tsirrai, da dokokin sana'ar. Hadda akwai ta da yawa, ba zan ɓoye miki ba.

Ɗan_Lab:
Anti ta gama magana kan nasu, bari in faɗi namu. 'Yar uwa in jini ne ba kya son gani to ki yi tunani sosai kafin ki zo wajenmu, don kullum da jini da fitsari da bayan gida da majina muke wuni, ba wai lokaci-lokaci ba. Amma aiki ne mai daɗi ga mai haƙuri da natsuwa, ka shafa ɗigon jini a gilashi ka rina ka sa a madubin likita ka ga ƙwayar maleriya a cikin jajayen ƙwayoyin jini da idonka, ko ka shuka ƙwayar cuta a faranti ka dawo bayan kwana ɗaya ko biyu ka ga wane maganin ne ya kashe ta wanne ne ta bijire masa. Wannan sakamakon da shi likita da famasist suke aiki. Kuma matsalar bijirewar nan ba ƙarama ba ce, tun da Alexander Fleming ya gano fenisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a 1928 ake ta shan irin waɗannan magunguna, da yawa ba bisa ƙa'ida ba, har wani babban bincike ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Zancen saurin samun aiki kuma kar ki gina rayuwarki a kai, kafin ki gama abubuwa sun canza.

Yaya_Babba:
Ni dai zan faɗi ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Famasi doguwar tafiya ce, a wurare da yawa shekara 5 ko 6 ne, sannan shekarar horo a ƙarƙashin wani, sannan rajista da hukuma kafin a ba ki lasisi. Kuma mafi yawan masu gamawa asibiti ko shagon magani suke komawa, guraben kamfanonin haɗa magani da na bincike ba su kai yawan masu nema ba. A shago wuni za ki yi a tsaye, wani zai zo ya ce lallai sai kin ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta don mura, wani tiramadol ko sirof mai kodin yake so babu takardar likita, in kin hana ya zage ki ya tafi wani wurin. Mai son kuɗin gaggawa a nan yake lalacewa. In kin san za ki iya cewa a'a ga mai kuɗi a hannu to bismillah. Ki duba su fisiyo, wato gashin ƙashi, da ɗaukar hoton marasa lafiya ma, ba likita da nas ne kaɗai a asibiti ba.

Ɗalibar_Kimiyya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Lab kam na haƙura tunda na ji abin da ake wuni da shi. Yanzu damuwata su Baba, ya zan yi in fahimtar da su ba tare da sun ga kamar na raina zaɓinsu ba?

Anti_Famasist:
Kar ki je musu da gardama ƙanwata, iyaye alheri suke nema miki kuma likitanci shi ne sunan da suka fi sani. Ki zauna da Mama tukuna cikin ladabi ki gaya mata gaskiya kan jinin nan, don mai karatun likita sai ya yanka gawa tun a shekarun farko. Ki kuma ba su labarin Tu Youyou ta ƙasar Sin, famasi ta karanta ba likitanci ba, ita ta jagoranci gano artemisinin daga wani ganye a farkon shekarun 1970, wanda daga shi ne aka samo manyan magungunan maleriya na yau, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 kusan 1 cikin 10 na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci, to masu tantance su a hukumomi yawanci mutanenmu ne. Abin da Yaya_Babba ya faɗa kuma gaskiya ne ban musa ba. Kafin ki cike, ki roƙi a nemo miki izini ki yi ko wuni ɗaya ne a ɗakin magani na asibiti, ki zauna gefe ki kalli yadda ake duba takarda kafin a ɗauko magani, in da hali Baba da kansa ya raka ki ya gaisa da famasist ɗin.