Matata 'yar Matamaye ce, 'ya'yanmu huɗu: wa ya taɓa bin hanyar takardun nan?

Mai shagon hatsi, Daura:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya zo kaina. Matata 'yar Matamaye ce, can hanyar Damagaram. Shekararmu 11 da aure. An ɗaura a ƙofar gidan mahaifinta, aka raba goro da dabino, washegari motoci biyu suka kawo ta Daura ta Kongolam. Ba wanda ya tambaye mu takarda, mu ma ba mu nemi ko ɗaya ba. 'Ya'yanmu huɗu. Babbar a can aka haife ta, don uwar ta je wankan gida kamar yadda aka saba a haihuwar fari, sauran ukun kuma a nan.

Bana Allah Ya hore, na yi niyyar biya wa Hajiyarmu Umara. Ta ce ƙafarta ƙafar surukarta, wato matata, don ita ke kula da maganinta, ita ke kama ta in za ta tashi. Da na zauna cike wa matata takardar fasfo sai na tsaya cak inda ake tambayar jiha da ƙaramar hukumar asali. Matata tana da lambar NIN, da ita ta yi rajistar layin wayarta, shi ya sa na ɗauka magana ta ƙare. Yanzu kuma hankalina ya tashi har a kan babbar 'yata. Don Allah wanda abin ya taɓa samu ya faɗa mana yadda ya yi.

Ɗan kasuwar waya, Mai'adua:

Malam, kada ka wahalar da kanka. Ka samu wanda ya san hanya ya karɓo mata takardar asali da sunan unguwarku, shi ke nan. Matar wana 'yar Magarya ce, haka aka yi mata, kwana uku aka gama.

Uwargida, Ƙofar Marusa, Katsina:

Ɗan'uwa mai shago, ka yi haƙuri kada ka bi waccan shawara. Ni tawa ta kife ce: ni ce 'yar Katsina, maigidana ɗan Maraɗi. Shekara 23 yana sayar da atamfa a babbar kasuwa, nan ya yi gida, nan ya binne mahaifiyarsa. Amma har gobe a takarda baƙo ne, katin zama yake sabuntawa. Da mace ce ta auri ɗan Najeriya, da tana da ƙofar rajistar zama 'yar ƙasa. Namijin da ya auri 'yar Najeriya ba shi da wannan ƙofa, sai ya bi doguwar hanya ta wanda ya zauna shekara 15, kuma sai gwamnan jiha ya gamsu cewa mutanen gari sun karɓe shi. Wannan bambanci yana ci mani rai, ba zan ɓoye ba.

Inda na sha wuya shi ne lokacin da babban ɗana zai shiga jami'a aka nemi takardar asali. Wani ma'aikaci ya dubi sunan uban, ya tambayi garinsu, ya turo mani fayil ɗin ya ce yaro ai ubansa yake bi. Na dawo gida na kasa cin abinci. Yaron da aka yanke wa cibiya a ɗakin kakata! Sai Baffana, wan mahaifina, ya ce in shirya gobe da safe. Ya sa babbar riga, muka biya ta wajen mai unguwa ya rubuta shaida ya buga hatimi, na haɗa da takardar asalina da ta haihuwar yaron. Muka koma aka duba, aka ba mu. Babu ƙaryar da muka yi ko ta kalma ɗaya, don doka ta ce ɗayan iyaye ya isa.

Ranar 29 ga Janairun 2025 da fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga Ecowas ta tabbata, maigidan ya kwana da rediyo a kunne. Sai da aka karanta sanarwar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su shiga su fita ba biza har sai an sake wata sanarwa, sannan ya kwanta. Tun ranar muke ajiye kowace takarda tasa a leda guda cikin akwatin ƙarfe.

Lauya, ɗan Dutsi:

Gaskiyar Hajiya ta Ƙofar Marusa ce. Malam mai shago, ni ma gidanmu rabi nan ne rabi can, kuma na bi wa matar kawuna irin wannan magana da ƙafata.

Fara da 'yarka, ka kwantar da hankalinka. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya, in ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne tun haihuwa. Wankan gida bai rage mata komai ba. Abin da za ka nema shi ne takardar haihuwarta daga ma'aikatar magajin garin da aka haife ta, sunanka ya fito a ciki daidai da yadda yake a NIN ɗinka. Sauran ukun kuma ka tabbata suna da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, don katin asibiti ba ya tsayawa a madadinta wajen yin fasfo.

Matarka kuwa, aure shi kaɗai ba ya mayar da ita 'yar ƙasa, ko da shekara 40 ta yi a ɗakinka. Sashe na 26 ne ya ba ta damar neman rajista ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, shugaban ƙasa ya amince, ta yi rantsuwar biyayya. Tunda haifaffiyar Nijar ce ba sai ta yar da ƙasarta ba, Nijar ɗin ma tun 2014 ta yarda mutum ya riƙe biyu. NIN kuwa ana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, don haka ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. Mu abin da ya fi cin lokacinmu takardar aure ce, don auren kawuna ma na goro da addu'a ne. Sai da muka nemo biyu daga shaidun ɗaurin auren, ɗaya har ya makance, muka kai su kotun shari'a aka rubuta.

Ƙanena na Mai'adua, ka faɗa wa wanka ya gyara tun da wuri. Yin ƙarya don samun fasfo laifi ne a dokar shige da fice ta 2015, kuma ranar da abin ya tonu, matar ce za ta tsaya gaban jami'i ita kaɗai a filin jirgi.

Tambaya ɗaya, Malam: iyayen matarka duk haifaffun can ne? Ka bincika min uwar musamman.

Haifaffen Makka, yanzu Ƙofar Ƙaura:

Ku bar ni in faɗi tawa ko wani zai amfana. A Makka aka haife ni, mu bakwai a ɗakinmu. Babanmu yana da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa, ya rasu, magada ba su sabunta masa ba, daga nan gidan gaba ɗaya ya koma zaman takari. Mutanen gida suna ɗauka wanda aka haifa a Makka ɗan can ne. Wallahi ba haka ba ne, a Saudiyya ta wajen uba ake gadon ƙasa. Na girma ban iya shiga makarantar gwamnati ba, ban iya sayen layin waya da sunana ba, in na hango motar 'yan sanda sai in sake lungu. Ba ni da takardar can, ba ni da ta nan.

A 2017 aka ba da afuwar kwana 90 ga marasa takardu su fita ba tara. Ummanmu ta ce tafiya ta yi. Ta buɗe wani tsohon gwangwanin alewa da take ɓoyewa ƙarƙashin kayan sawa, ta fito da tsohon fasfon Baba, koren bangonsa duk ya ɓare, da 'yan takardun asibiti na haihuwarmu, kowace a naɗe cikin leda. Da su ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda ya ba mu takardar tafiya ta gaggawa. Maƙwabtanmu da ba su da ko guntun takarda sun daɗe suna neman wanda zai shaide su.

Muka sauka Kano, muka hau mota zuwa Katsina, ba abin da muka sani sai sunan unguwa da sunan kakanmu. Wani tsoho a bakin masallaci ya ƙura mani ido, ya kira sunan babana na yarinta, ya fashe da kuka. Ashe ƙanensa ne. Shi ya tsaya mana wajen mai unguwa har kowa ya samu takardar asali. Sai dai sunana a takardar Larabci daban yake da yadda aka rubuta shi da boko, na yi wata biyu ina yawon rantsuwar kotu kafin su zama ɗaya.

Masu son kai iyali can ku yi lissafi tukuna. Ɗan ƙanwar Ummanmu yana aiki a Riyad da igama mai kyau, amma kuɗin da ake biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka, wanda ya fara da riyal 100 a 2017, ya kai riyal 400 a wata tun 2020. Mata da 'ya'ya uku riyal 1,600 ke nan kafin haya da abinci. Dole ya maido su gida. Bizar Umara kuma ta ibada ce, ba ta zama ba. Hajiyarku da surukarta su dawo kafin wa'adi ya cika.

Malamin jami'a, yana karatu a Ingila:

Ni digirin digirgir nake yi, shi ya sa aka bar ni na zo da iyali. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na zaman aji ba ya zuwa da mata ko 'ya'ya, don haka kada wani ejan ya karɓi kuɗinku da wannan alkawari. Mai mata biyu kuma ɗaya kawai dokarsu ta sani. An haifa mana ɗa a nan, 'yan'uwa suna ta kira suna murna wai an samu Bature. Tun 1983 haihuwa a Ingila ba ta ba yaro ƙasa sai in ɗayan iyayen ɗan ƙasa ne ko mai izinin zaman dindindin. Fasfon Najeriya muka yi masa. Mu ma takardar aure ce ta tsayar da mu mako shida, don a wata an rubuta sunan matata da na mahaifinta, a wata kuma da nawa.

Tsohon direba, layin Daura zuwa Damagaram:

Shekara 30 ina bin Kongolam da Ɗan Barto. Da can fuska ce takarda. Yanzu mace da yara in ba ta riƙe da shaidar haihuwarsu, sai a sauke ta a yi ta tambaya, saboda masu safarar yara. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, 'yar maƙwabcina tana can wankan gida, jaririn da aka tafi da cikinsa sai da ya fara rarrafe kafin ubansa ya ɗauke shi. Ɗana, ka yi wa kowane yaro kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a jakar uwarsu.

Mai shagon hatsi, Daura:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Barista, tambayarka ta hana ni barci. Na tambayi matata, ta ce ai Innarta 'yar Zango ce, aure ya kai ta Matamaye tana 'yar shekara 15. Shekara 11 ina gaishe da matar nan ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Lauya, ɗan Dutsi:

Alhamdu lillahi. To in haka ne ba rajista za ta nema ba, sashe na 25 ɗin da ya rufe 'yarka ya rufe ta, ta wajen uwa. Aikin da ya rage shi ne a tabbatar da asalin Inna, kuma takardar haihuwar matarka ta nuna sunan uwar.

Mai shagon hatsi, Daura:

Jiya bayan la'asar na hau babur na je Zango. Wan Inna yana raye, ya tsufa amma hankalinsa garau. Da na yi masa bayani ya shiga ɗaki ya fito da wata jakar fata, a ciki akwai rasiɗan harajin mahaifinsu, takardun sun yi ja, sunan tsohon da na garin suna nan ana karantawa. Ya ce ranar Litinin zai raka ni wajen dagaci da kansa. Ƙanen matata kuma zai karɓo takardun haihuwa biyu a Matamaye, tata da ta 'yarmu, ya ba direba ya kawo. Na faɗa wa Hajiyarmu tafiyar za ta ɗan ja baya, ta ce ta ji, za ta jira surukarta.

Hajiya ta Ƙofar Marusa, shaidar da mai unguwarku ya rubuta, da hannu ya yi ta ko sai da aka buga da na'ura? Ina so in je da komai a shirye.